Karfasa ba ɗaya ba ce: amsa ga mai fatsa a dam ɗin Tiga

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni mazaunin Kano ne, kuma tun bara nake zuwa bakin dam ɗin Tiga ranar Asabar da 'yar fatsata. Ƙananan kifayen da nake kamawa, duk wanda na nuna wa sai ya ce karfasa ce, alhali wata maƙogwaronta ja ne, wata wutsiyarta da zane, wata kuma da ɗige-ɗige baƙaƙe a gefe. Yaya zan bambanta su? Sannan akwai wata fara mai faɗi da nake gani cike da kwandon masu birgi, wato ragar da ake yafawa, ni kuwa ban taɓa kama ko ɗaya ba. Ƙotona ne ba ta so, ko wurin zamana ne ba daidai ba?

Amsa:

Barka kadai, ɗana. Idonka bai yaudare ka ba. Na shafe shekaru ina tsugune a bakin kwata da sikeli da littafi, ina auna abin da masunta suka fito da shi, kuma abin da na fara koya shi ne sunan kasuwa na ciniki ne kawai. Mai sayar da kifi in ya ce karfasa, ko gargaza kamar yadda ake cewa a wasu wurare, kuɗin kashi yake faɗa maka. Amma a cikin kashin nan ɗaya akan samu iri uku, wani lokaci huɗu, kowacce da abincinta, da wurin kwananta, da yadda take rainon 'ya'yanta. Amsar tambayarka ta biyu ma tana cikin ta farkon, don haka bari mu bi su a hankali.

Kafin komai, ka tabbatar kifin da ke hannunka ɗan gidan karfasa ne. Dubi hancinsa. Yawancin kifaye ƙofa biyu ce da su a kowane gefe, dangin karfasa kuwa ƙofa ɗaya tak. Sai ka dubi gefen jikinsa, za ka ga wani layi siriri kamar ɗinkin keke. A jikin karfasa layin a katse yake: na sama ya taso daga bayan kai ya tsaya wajen ƙarshen baya, wani gajere ya ɗauka daga ƙasa kaɗan ya tafi wutsiya. Fiffiken bayanta kuma ɗaya ne dogo, gabansa ƙayoyi masu tsini, bayansa laushi, babu rabuwa a tsakani. In waɗannan ukun sun cika, to ka shigo gida. Saura ka san wace ce a cikin 'yan gidan.

Kada ka fara da launin jiki, don shi ne ya fi ruɗar da mutane. Karfasar da ta zauna a ruwa mai laka takan koɗe, wadda ta zauna a gindin dutse takan yi duhu, wadda ta tsorata takan sake launi nan take, kuma rabin sa'a bayan ta mutu duk sun soma kama da juna. Fara da wutsiya. Buɗe ta da yatsu biyu ka ɗaga ta wajen haske.

In ka ga layuka baƙaƙe sirara sun sauko daga sama zuwa ƙasa, a jere reras tun daga gindin wutsiyar har bakinta, to ka kama karfasar Nilu, wadda masana ke kira Oreochromis niloticus. Babu wata a ruwanmu da ke da wannan zanen a tsare haka, shi ya sa nake cewa ita ce mafi sauƙin ganewa. Ita ce kuma babbar yaya. In ta samu ruwa mai faɗi da abinci, ba a dame ta da ƙaramar raga ba, takan kai kilo 2, har 4 an sha gani. Ita ce wadda ake kiwo a gonakin kifi a Masar da Sin da ƙasashe da dama. Namijin in lokacin aure ya zo sai kansa da fukafukansa su yi ja-ja, ya gangaro wurin da ruwa bai kai ƙugu ba, ya haƙa rami a yashi da bakinsa, zagayayye kamar kwano. Kai da kake zuwa Tiga za ka iya ganin wannan da idonka. Da rani ana sakin ruwan dam ɗin don noman Kadawa da Kura, ruwa ya ja baya, gaɓa ta buɗe. Ka taka a kan busasshiyar lakar nan, za ka tarar da ramuka jere kamar an kafa gurbin dara. Gidajen aurensu ne.

Macen takan zo ta zuba ƙwai a ramin, namijin ya yi barbara, sai ta kwashe su duka ta zuba a baki. Ƙwan rawaya ne, girmansa bai wuce ƙwayar gero ba, daga 'yan ɗaruruwa zuwa sama da dubu gwargwadon girman uwar. Haka za ta riƙe su wajen kwana goma zuwa mako biyu, tana juya su da ruwa, ba ta cin komai. Ko bayan sun ƙyanƙyashe, in suka ji motsi, bakinta suke komawa. Ka lura da abin da wannan ke nufi gare ka: uwar da ke ɗauke da ƙwai ba za ta ciji ƙugiya ba, don bakinta a cike yake. Fatsa ba ta cika taɓa ta ba. Raga ce ke kwashe ta. Ban manta wata safiya ba da aka juye kwando a gabana, na ga ƙasan kwandon ya yi rawaya da ƙwan da uwaye suka amayar. Na daɗe ina kallonsa. Kifin da za a ci baɗi ne a zube, kuma babu wanda zai biya ko sisi a kansa.

Ta biyu ita ce mai jan maƙogwaron da ka ambata. Sunanta a littafi Coptodon zillii, a tsofaffin littattafai kuma Tilapia zillii, don a 2013 aka sauya mata suna. Ja ɗin yakan taso daga haɓa ya bi ƙirji har ciki, lokacin aure ya yi jawur, wani lokaci da baƙi a ƙasansa. Jikinta kore-kore ne mai ƙyalli, da ratsi baƙaƙe masu faɗi shida ko bakwai a tsaye. Amma alamar da na fi dogara da ita tana kan fiffiken baya. Ɗaga shi ka dubi inda ƙayoyi suka ƙare, laushi ya fara. Akwai baƙin tabo a wurin, sau da yawa da rawaya kewaye da shi. Duk 'ya'yan karfasa da wannan tabon suke tasowa, sai dai sauran yakan ɓace in sun girma, ita kuwa yakan zauna mata. Wutsiyarta ba zane a jere, sai dai ɗige-ɗige da ba su da tsari.

Zan iya cewa ita ce mafi yawa a cikin abin da kake kamawa, ko ban gani ba. Dalili kuwa, ita ce mai zama a bakin gaɓa, cikin ciyawa da duwatsu, daidai inda mai fatsa ke jefa ƙugiya. Ganye take ci, haƙoranta na yankan ciyawa ne, amma ba ta ƙin tana ko gara ko ɗan ƙullin tuwo. Kuma ba ta goyo a baki. Ita da mijinta sukan share wuri a kan dutse ko su haƙa rami, ta manna ƙwai kore-kore masu danƙo, su biyun su tsaya gadi. Duk abin da ya kusanto sai sun kai masa cizo, ko da yunwa ko babu. Shi ya sa in ka jefa a kan gidansu, ba ka ƙirga goma ba totuwar da ke yawo a kan zarenka ta nutse. Wannan kamun yana da daɗi, na sani. Amma in ka cire ɗaya ka cire ɗayan, 'ya'yan da ke ƙasa ba sa kai yamma. In ka ga biyu masu jan ciki sun tsaya wuri ɗaya a ruwa mara zurfi suna kore duk mai wucewa, roƙona gare ka shi ne ka matsa gaba taku ashirin. Akwai wasu da ba su da reno.

Yanzu ga farar da ta hana ka barci. Ita ce Sarotherodon galilaeus, kuma sunan daga tafkin Galili ya samo asali, don a can ma akwai ta, kamar yadda take a Nilu da tafkin Chadi da Kainji. Jikinta ya fi na sauran faɗi daga baya zuwa ciki, launinta fari-fari kamar azurfar da ta ɗan dishe, bakinta ɗan mitsitsi ne, wutsiyarta ba zane, sai ɗan ja-ja a baki. Wani lokaci akan ga ratsi a gefenta amma a kakkarye. Ita uwa da uba duka suna ɗaukar ƙwai a baki.

Ba ƙotonka ne da laifi ba. Ita ba ta cin abin da ake cizo. Ka san yadda ruwan dam kan yi kore-kore in zafi ya yi? Koren nan wasu tsirrai ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya raba su ɗaya-ɗaya, kuma su ne tuwonta. Tana tafe tana zuƙar ruwa, majinar da ke maƙogwaronta tana kama su, ruwan ya fice ta kunne. Tana a kan ƙugiya a wurinta kamar a ajiye wa akuya ƙashi ne. In kana son hujja da hannunka, ɗaga marfin kunnenta. Ƙarƙashinsa akwai jan naman da take numfashi da shi, a jikin wasu ƙasusuwa masu lanƙwasa. Dubi cikin ƙashin farko, za ka ga 'yan haƙora farare a jere kamar na matsefi. Ƙirga na rabin ƙasa. A mai jan ciki 8 ne zuwa 12, gajeru, a wawware, don ita ba ta tace komai. A farar da ta Nilu kuwa wajen 20 ne ko fiye, sirara, a matse kamar rariya. Wannan ƙirgar ba ta ƙarya. In launi ya ruɗe ka, tabo ya ɓace, kifi ya daɗe da mutuwa, ita muke komawa.

To yaya masu birgi ke samunta? Garke take yi a fili, nesa da gaɓa kaɗan. Sukan cuɗa dusa da laka su jefa a wuri, su ba shi lokaci, garken ya taru a kan ƙurar dusar, sai su yafa birgi a kansu. Kai ma za ka iya gwada rabin wannan dabarar. Zuba dusa wuri ɗaya, ka sa ƙugiya mafi ƙanƙanta da za ka samu, ka manna mata ɗan ƙulli mai laushi wanda bai kai ƙwayar dawa ba, ko ɗan zaren gansakuka da ka kankaro daga dutse. Wata rana za ta zuƙe shi tare da ƙurar. Amma kada ka sa rai da cika kwando. Dabarar ta fi aiki a kan manyan karfasar Nilu, don su suna tsakani: suna tacewa, suna kuma tsinta.

Mai ɗige-ɗigen nan kuwa ɗan uwansu ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Kulkula ake ce masa, a littafi Hemichromis fasciatus. Jikinsa ya fi tsawo, bakinsa babba ne yana ɗan kallon sama, da tabo baƙaƙe biyar a jere a gefe. Mafarauci ne, 'ya'yan kifi yake ci, har masu gonar kifi kan saka shi da gangan don ya rage musu yawan 'ya'yan karfasa. Shi ne wanda kan fizge totuwa da ƙarfi har ka ɗauka babban abu ne, ka ja ka ga bai kai taƙi ba. Ana cinsa, namansa ma da ƙarfi.

Akwai guda ɗaya da nake so ka kiyaye sosai, don ana yawan zuba shi cikin kashin karfasa: ɗan giwan ruwa. Yana ƙarami jikinsa da dabbare-dabbare, mai gaggawa sai ya ce kulkula ne. Amma fiffiken bayansa a tsage yake kusan gida biyu, haɓarsa ta ƙasa ta zarce ta sama, wutsiyarsa zagayayya ce, idonsa na da wani ƙyalli rawaya kamar na mage da dare, gefen kumatunsa kuma da kaifi kamar zarto, yana yanka yatsa. Wannan ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, jinsinsa kan kai tsawon mita 2 da nauyin da ya haura kilo 100. Irinsa ne ake ɗagawa a Argungu ana kiɗa. Soya shi yana ɗan yatsa asara ce da ba ta da dalili. Jiƙa hannunka, cire ƙugiyar a hankali, mayar da shi.

Sauran ƙananan ba za su ba ka wuya ba. Duk farin kifi mai ɓawo da ka ga yana da ɗan ƙaramin fiffike na tsoka kusa da wutsiya, wanda ba ƙaya a ciki, ba karfasa ba ne. In wutsiyar ja ce mai baki biyu, da baƙin tabo a gindinta da wani ƙarami bayan kunne, kawara ce, ita ce mai sace maka ƙoto tun bai nutse ba. In haƙora sun fito waje kamar ƙusoshi, ɗan tsage ne. In faffaɗa ce kamar faifai, baki ƙarami, falia ce, wadda ta cika kwale-kwalen masunta a shekarun farko bayan an datse Kainji a 1968. Marasa ɓawo masu gashin baki kuwa gidan tarwaɗa ne. Tarwaɗa fiffiken bayanta ɗaya ne har wutsiya, ramboshi nasa rabi fiffike rabi tsoka.

A kan kurungu kam sai na ɗan tsaya, don ya taɓa ajiye mini hannu mako guda. Ƙayoyi uku gare shi, ɗaya a baya, biyu a gefe, masu haƙora kamar zarto, kuma in ya miƙe su sai su kulle. Da ka fito da shi za ka ji yana gurnani, to gogar ƙayar ce a cikin gaɓarta. Kada ka damƙe shi kamar karfasa. Kwantar da shi, ka zura yatsu daga baya ta yadda ƙayoyin gefe za su fito tsakanin yatsunka. In ya soke ka, tsoma wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa, ka wanke da sabulu, in ƙayar ta karye a ciki ko wurin ya kumbura washegari ka je asibiti. Af, in ka kama wanda cikinsa ya fi bayansa duhu, ba ciwo ne da shi ba. Akwai irin kurungun da ke iyo a rigingine yana kiwo a saman ruwa, sai launinsa ya juya. Mutanen Masar na dā ma sun zana shi a bangon kaburburansu yana iyo ciki sama. Minjirya kuwa, mai taushin jiki kamar tsiran alade, ba fiffike mai ƙaya a baya, kada ka taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, wutarta kan haura bolt 300. Yanke zaren kawai. Talibambam mai kumbura ciki, shi ma bar shi ya tafi, danginsa sun yi suna da dafi a hanta da ƙwai.

Game da wurin zama. Tiga babban ruwa ne, an gina shi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Baƙo, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 178 in ya cika. Baƙo yakan ɗauka inda ya fi zurfi nan kifi ya fi yawa, sai ya nufi kusa da bangon. Ba haka ba ne. Karfasa 'yar rana ce, inda haske ke kaiwa ƙasa nan abincinta ke tsirowa, kuma da zafi ƙasan ruwa mai zurfi iskar shaƙa takan yi ƙaranci. Nemi lungu inda ƙorama ke shigowa, ko gefen ciyawar da ruwa ya haɗiye, ko gindin kututturen da ya nutse, ko inda dutse ya haɗu da yashi. Zurfin gwiwa zuwa ƙirji ya ishe ka. In iska ta kwana tana kaɗawa gefe ɗaya, je gaɓar da take tura ruwa, can ta tara abincin.

Daga sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana, su ne lokutanka. Da hunturu lissafin yakan juya. Karfasa ba ta son sanyi, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 sai cinta ya ragu ƙwarai, don haka a Disamba da Janairu sammako wahalar banza ce. Bari rana ta ɗaga ta ɗumama bakin gaɓa tukuna. Lokacin da na fi so shi ne farkon cikowar ruwa da damina, sa'ad da ya hau kan sabuwar ciyawa, kifi ya biyo shi yana kiwo.

Kayan aiki ba sai ka kashe kuɗi ba. Sandar gora mai tsawon kamu shida ko bakwai, zaren roba siriri, 'yar darma kamar ƙwayar wake, da totuwar kara. Kuskuren da na fi gani shi ne babbar ƙugiya. Lambar ƙugiya a juye take, in lamba ta hau ƙugiya ta ƙanƙance, to nemi 10 zuwa 14. Kada ka cusa tana gaba ɗaya, guntu ya isa, ya rufe tsinin. Karfasa ba ta fizga, tsotsa take yi ta tofar. In totuwa ta yi rawa sau biyu ta soma tafiya gefe a hankali, ɗaga hannu, ba da ƙarfi ba, leɓenta ba shi da kauri. Kuma ka zauna a ƙasa, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kada ka yi ta buga ƙafa. Da Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma, ba ƙarya ya yi ba, a ruwa mara zurfi ya riga ka gani.

In ka isa wurin da ba a san ka ba, fara neman Sarkin Ruwa ko wakilinsa ka gaishe shi. Kai nishaɗi ya kawo ka, su kuwa abincin gidansu ne. Za su nuna maka inda aka shimfiɗa ragar kalli da igiyar mamari mai ƙugiyoyi don kada zarenka ya sarƙe, kuma abin da za su faɗa maka a hira ɗaya ya fi abin da za ka gano da kanka a shekara. In ka tambaye su sunan kifi suka faɗi wani daban da nawa, rubuta nasu. Sunayen nan suna sauyawa daga Yauri zuwa Haɗeja zuwa Baga.

Ka ga kifayen da kake kamawa ƙanana ne, ko? Wannan ma yana da bayani. Karfasa kifi ce mai naci. Da tafkin Chadi ya janye bayan farin shekarun 1970, kifayen fili irin su shemani suka ja baya, ita da tarwaɗa ne suka riƙe fadamar da ta rage. Dabararta ita ce in an matsa mata, sai ta soma haihuwa tun tana ƙarama. Inda ake kwashe manya kullum, za ka samu mace mai santimita 10 ko 12 da ƙwai a baki, ƙarfin da za ta girma da shi ya tafi wajen haihuwa. Ruwa ya cika da kifi, amma duk 'yan yatsu. Shi ya sa dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, sai 'yan nau'in raga da ta keɓe, ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. Kakanninmu ma sun san wannan tun ba a rubuta ba, ai kogin Matan Fada na Argungu a rufe yake yawancin shekara. Kai mai fatsa ɗaya ba kai ne za ka ƙarar da Tiga ba, amma ka ɗauki ma'auni: wadda ba ta cika tafin hannunka daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ba, ta koma. In kuma ka iso ka tarar da kifi iri-iri, manya da ƙanana, suna yawo ciki sama a wuri ɗaya, kada ka ɗauki ko ɗaya zuwa gida. Ka sanar da Sarkin Ruwa.

Abu ɗaya da ba zan yi shiru a kansa ba shi ne tsargiya. Ruwan dam da magudanan noman rani gidan 'yan ƙananan dodon koɗi ne masu ɗauke da ita, kuma daidai cikin ciyawar bakin gaɓar da na tura ka suke. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Yi fatsarka daga tudu, ko ka sa takalmin roba mai tsawo. In ka ga jini a ƙarshen fitsari, ko da bayan watanni ne, je a gwada ka, maganinta Praziquantel ne kuma yana aiki. In za ka hau kwale-kwale, sa rigar kariya ko da ka iya ruwa, musamman farkon damina da hadari kan taso ba sallama.

Kifin da ka riƙe, kada ka bar shi a leda cikin rana. Nannaɗe shi a jiƙaƙƙen buhu ka ajiye a inuwa, kuma ka fasa cikin da wuri, don hanjin mai cin ganye saurin ruɓa gare shi. Yi hankali da matsarmama, in ta fashe ɗacin ba ya fita. Akwai wata baƙar fata shimfiɗe a cikin cikin karfasa, kankare ta tas, ka wanke da lemon tsami. In ka ji ɗan warin laka a naman, musamman da bazara, daga koren ruwan nan ne da ta ci, ba lalacewa ba ce. Tsaga ta sau uku kowane gefe har ƙashi, gishiri da tafarnuwa da citta, mai ya yi zafi sosai kafin ta shiga. A bakina mai jan ciki ta fi daɗin suya, namanta ya fi tsauri, farar kuma ta fi dacewa da romo.

Wata rana za ka kama wadda ta ƙi shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Akwai ta huɗu, Oreochromis aureus, mai shuɗi-shuɗi da jan bakin wutsiya ba zane, ana samunta a Chadi da Neja da Binuwai, kuma takan yi barbara da ta Nilu su haifi mai kama da kowa. In ta faɗo hannunka, kwantar da ita a kan buhu tun tana da rai, ɗaga fiffiken bayan, buɗe wutsiyar, ajiye akwatin ashana a gefenta don a san girmanta, ka ɗauki hoto. Ƙirga haƙoran matsefin nan ka rubuta, tare da ranar da lungun da ka kama ta, ka aiko mini mu duba tare.